Shekarar da Na Ƙi Shiga Lis

Ranar sunan jikana, ɗan Bashir, ina zaune a ɗaki ina karɓar barka, sai na jiyo gwaggonku Mariya a tsakar gida tana ba baƙi labarina. Cewa take yi da tuni na zama babbar mace a meri, wato majalisar gari, marigayi mahaifinku ne ya hana ni. Matan suka yi ta jinjina kai, ɗiyata Nafisa kuwa da ke raba musu fanke ta sunkuyar da kai kamar an ambaci abin kunyar gidanmu. A nan na gane kun tashi da wannan magana a kunnuwanku, kun kuma yarda da ita, domin ban taɓa ƙaryata ta a gabanku ba. Ina da dalilin yin shiru a da. Yanzu mutanen da nake yin shirun dominsu duk sun riga mu gidan gaskiya, don haka ga yadda abin ya faru.

Shekarar ita ce wadda sojoji suka riƙe ƙasa, suka yi alkawarin shirya zaɓe su koma bariki. Ko'ina maganar jam'iyya ake yi, a tasha, a majalisar masu shayi, har a wurin gaisuwar mutuwa. Muna zaune a Cadawa, a gidan nan da kuka sani kafin a ƙara ɗakunan baya. Mahaifinku yana ɗinki a zaure, ni kuma ina koyarwa a lakol, wato makarantar firamaren wani ƙauye gabas da gari, inda yake kai ni a kan babur da safe ya koma ya ɗauko ni da yamma. Na haura arba'in da biyar, na shekara fiye da ashirin alli yana cin yatsuna, kuma a ganina babu abin da ya rage mini in koya a wannan aiki. Ajin ƙarshe nake riƙe da shi, na masu zana jarrabawar satifika ta gama firamare, yara kusan hamsin.

Farkon shekarar karatu isfekta, mai duba makarantu, ya kira mu Agie, mu malamai 'yan kaɗan. Ya ce akwai wani karatu da ake yi daga nesa ta intanet, na koya wa malamai yadda za su sa yara su tattara lambobi daga abin da ke kewaye da su, su shigar, su ga zanensu. Ya ce ya ba da sunana. Na ce masa ban taɓa taɓa ordinata ba, wato kwamfuta, ya ce shi ma bara ya fara. Da na dawo gida na tarar da mahaifinku yana datsa yadi, na gaya masa kowace Asabar sai na tafi Maraɗi, domin can ne ake da sibar, wato shagon da ake hayar ordinata. Bai ajiye almakashin ba.

"Ke kina so?"

"Ina jin tsoro, Malam. Kar in je yara su yi mini dariya."

"Ba tsoro na tambaye ki ba."

Na ce ina so. Ya ce to tuwon Asabar ya zama na yayarku, shi kuma zai riƙa kai ni tasha. Inna, kakarku, wadda take zaune a Agie wurin yayana Habu, da ta ji labari sai ta aiko a tambaye ni ko karatun da na yi a baya ya zube ne.

Mai sibar ɗin wani dattijo ne da ya yi ritaya daga gidan waya, Malam Ango, mai haƙuri ƙwarai. Shi ya ɗora hannuna a kan abin nan da suke kira ɓera, ya ce in sassauta, ba dutsen niƙa ba ne. Darasin farko da ya buɗe mini shafi ne mai gidaje-gidaje kamar na dara, a gefensa kuma fili fari. Aka ce in rubuta tsawon kwana bakwai na tsiron wake da aka ba mu misali. Ina buga lambar farko sai ga ɗigo ya fito a filin. Na buga ta biyu, layi ya miƙe ya haɗa su da kansa. A gida na huɗu maimakon biyar na buga hamsin, layin ya yi tsalle ya kusa fita daga gilashin, ni ma na ja da baya har kujera ta yi ƙara. Malam Ango ya yi dariya ya ce in goge sifirin. Ina gogewa layin ya sauko ya kwanta a wurinsa. Na zauna ina sa sifirin ina cirewa kamar yarinya ta samu abin wasa. Shekara da shekaru ina zana irin wannan a tabulo, allon aji, da rula, ina ɓata rabin safiya, kuma ban taɓa jin cewa layin yana da rai ba sai ranar. In ka amsa tambaya daidai gidan ya zama kore, in ka kuskure ya zama ja ya ce ka sake dubawa, ba tsawa ba bulala. Akwai Asabar ɗin da wuta ta ɗauke na rasa duk abin da na shigar, na fito bakin titi na sayi gyaɗa ina ci ina hawaye. Da wutar ta dawo na koma na sake daga farko.

Malamar da ke duba aikinmu tana wata ƙasa mai nisa. Ban taɓa ganin fuskarta ba har yau, rubutunta kawai na sani. Bayan wata guda ta ce kowa ya bar lambobin misali ya kawo na wurinsa. Wani ya kawo na ruwan sama, wani na tsawon ɗalibansa. Ni abin da ke damuna shi ne fashi. Tun da aka gama girbi 'yan matan ajina suka fara ƙin zuwa, musamman uku, Sa'a da Hindatu da Balki, waɗanda duk daga unguwar arewa suke. Direktanmu, shugaban lakol ɗin, ya ce kasuwa ce da talla, ni ma haka na ɗauka. Na tsayar da su a gaban aji na kira su malalata, ba sau ɗaya ba. Da hannuna na rubuta sunayensu na ba direkta a cire su daga masu zana satifika in ba su gyara ba kafin hutu. Yarinyar ƙauye kuwa in aka cire ta a ajin ƙarshe, da wuya ta sake ganin ƙofar lakol.

Na ɗauki littafin kiran suna na tafi da shi Maraɗi. A cikinsa suna-suna muke bi, ƙarshen wata mu ce wance ta yi fashi sau kaza. Ban taɓa bin shi rana-rana ba. Ranar nan na shigar da yawan waɗanda suka zo kowace rana, maza a layi ɗaya mata a ɗaya. Layin maza ya tafi kusan a miƙe. Na mata kuwa ya fito kamar haƙoran zarto, ya hau kwana biyu ya faɗi a na uku. Na nemi ranar kasuwa a ciki, na ga wani makon faɗuwar ta zo a kanta, wani makon ba ta zo ba. Kasuwa sau ɗaya take ci a mako, wannan abin kuwa kowane kwana uku yake dawowa. Na rubuta wa malamar cewa ban gane ba. Asabar ta gaba na tarar da amsarta. Ta ce ita ma ba ta gane ba, ba ta san ƙauyen ba, amma akwai mutum hamsin a ajina da suka san shi, in kai musu zanen in tambaye su.

Ranar Litinin na kwafe zanen a tabulo babba, na rubuta ranakun a ƙasa. Na ce ga zuwanku lakol, wa zai gaya mini abin da ke faruwa a waɗannan ramuka. Yaran suka yi zaton wani sabon faɗa ne. Can sai Sa'a, wadda ta daina ɗaga hannu tun da na kira ta malalaciya, ta tashi ta zo gaban tabulo. Ta ɗora yatsa a ramin farko, ta ƙirga gaba, ta ɗora a na biyu.

"Madam, ranakun shanu ne."

"Waɗanne shanu?"

"Na su Ardo. Kwana biyu suna sha a rijiyar daji, ran na uku su zo tamu tun da safe. In suka zo ba a ba mu guga sai sun gama. Mu 'yan arewa mu ne ƙarshen layi. In muka kai ruwan gida rana ta yi tsaka, in muka zo kuma direkta ya ce mun makara mu koma."

"Mi ya sa ba ku taɓa gaya mini ba?"

Ta dube ni, ta dubi ƙasa.

"Ba ki tambaya ba, Madam."

Ban taɓa jin kunya a gaban aji kamar ta wannan rana ba. Kowace mace a ƙauyen ta san wannan, ni da nake zuwa a kan babur in koma kafin magariba ce ban sani ba. Da aka tashi shan iska na shiga buron direkta, wato ofishinsa, na roƙe shi ya ba ni takardar sunayen nan uku. Ya ce zai ajiye ta a aljihun tebur har ya ga canji, amma ba zai yage ta ba.

Muka je wurin Maigari da zanen, ya aika aka kira Ardo, aka zauna a ƙarƙashin gawon ƙofar gidansa da hantsi. Ardo dogon tsoho ne mai magana a hankali. Ya riƙe takardar a juye, na gyara masa, na nuna masa ramukan na ce kowane rami 'yan mata ne da ba su zo karatu ba. Ya daɗe yana kallo. Ya ce shi bai san shanunsa suna shan karatun 'ya'yan mutane tare da ruwan ba. Amma ya ce dabba ba ta jiran rana ta yi zafi, kuma rabon kwanakin nan tun zamanin iyayensu yake. Aka yi ta kai da kawo, wani dattijo ya ce mi ya haɗa lakol da rijiya. A ƙarshe aka tsaya a kan gwaji: ran shanu mata su fara ɗiba da sassafe, garke ya iso bayan su, direkta kuma ya daina korar wadda ta makara a wannan rana. Ardo ya ce ya yarda har wata biyu, in ya ga ramukan sun cike a takarda sai a ci gaba, in ba su cike ba a koma yadda ake. Ya ce kowace Juma'a in aiko masa da zanen ya gani da idonsa.

Wannan ya zo daidai da aikin ƙarshe na karatun, wanda aka ce sai an yi shi mako shida a jere ba tsallake. Yaran da kansu suke ƙirga waɗanda suka zo kowace safiya, ɗaya ya rubuta lambar a gidanta a tabulo, wani ya ja layin da alli mai launi. Ran Asabar in kai lambobin Maraɗi in shigar, in dawo musu da zanen ordinata su gwada da nasu. In ya yi daidai har tafi suke yi.

Muna cikin mako na biyu Yaya Habu ya iso Cadawa, wata Lahadi da hantsi, cikin babbar riga, da mutum biyu a bayansa. Ku ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Shi ya tsaya a gaban mahaifinmu lokacin da aka so cire ni daga lakol, shi ya riƙa kai mini gari da ƙuli-ƙuli a kan keke lokacin da nake makarantar horon malamai. Fataucin wake yake yi, kuma a shekarar ya zama jigo a jam'iyyarsu. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, mahaifinku ya tsayar da keken ɗinki.

"Zuwaira, alheri na kawo miki. Doka ta ce kowane lis na 'yan takara sai da mata a ciki. Mun duba duk yankin nan ba mu ga mai iliminki ba. Na ba da sunanki, kuma ba a ƙasa ba, a sama, inda in Allah ya so ba faɗuwa. Konseye za ki zama a meri, kansila ke nan."

"Yaya, har ka ba da sunan?"

"Na faɗa a gaban manya. Na ce ƙanwata ce, ba ta taɓa ƙetare maganata ba."

Ya juya wurin mahaifinku ya ce, "Malam Lawali, ai ba ka da ja?"

Mahaifinku ya ce, "Alhaji, ni ba ni da ja. Amma ita ke da ta cewa."

Yaya ya yi dariya kamar an yi raha, ya ba ni kwana uku in kai takarduna.

Kada ku ɗauka ban so ba. Na so ƙwarai. Na ga kaina a zauren meri ina maganar rijiyoyi da azuzuwan zana, ana saurarena. Kashegari na je wurin isfekta, ya ce in zan shiga kamfe sai na ajiye aji har a gama zaɓe, kuma ba shi da malamin da zai tura a madadina, sai dai direkta ya riƙa leƙa su. Na san abin da hakan ke nufi. Ƙirgar safiya za ta tsaya, Ardo ba zai ga takardarsa ba, wata biyun za su wuce a koma yadda ake, takardar nan ta aljihun tebur kuma ta fito. Karatuna ma zai tafi, amma wallahi ba shi ya fi tsaya mini a rai ba. Ni na rubuta sunayen yaran nan bisa kuskure, kuma ban gama gyara kuskuren ba.

Na tambayi mahaifinku abin da ya gani. Yana sa maɓalli a wata riga, ya ce duk wanda na zaɓa akwai wanda zai ji ciwo, shi dai ba zai zaɓa mini ba. Na ce ai konseye za ta iya yi wa ƙauyuka da yawa abin da malama ba za ta iya ba. Ya ce gaskiya ne. Na ce amma waɗannan ukun ni suka sani. Ya ce wannan ma gaskiya ne. Na ji haushinsa a ranar, na ce mutum ya zo neman shawara ana ta ba shi gaskiya.

Ran na uku na tafi Agie ni kaɗai. Na fara shiga wurin Inna na gaya mata. Ta ajiye tsintsiyar da take ɗaurewa.

"Ɗiyata, ɗiyan wasu za ki zaɓa ki bar ɗan'uwanki da kunya a gaban maza?"

"Inna, ba zan iya barin su yanzu ba."

"To ki gaya mishi da bakinki. Ni ba ni ɗaukar wannan saƙo."

Na same shi a rumfarsa ana auna wake. Na durƙusa na gaya masa komai, har da Sa'a da shanun Ardo. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Saboda zane a takarda?" Na ce saboda yara uku. Ya ce in tashi in tafi, ya ji. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Kafin mako ya zagayo magana ta cika Cadawa da Agie cewa tela ya hana matarsa shiga siyasa don kar ta fi shi. Har a zaurensa aka zo ana yi masa ba'a, wasu 'yan jam'iyyar suka kwashe ɗinkinsu suka kai wani wuri, a lokacin da kowane tela yake samun aikin rigunan kamfe. Na ɗauki mayafi na ce zan je gidan gwaggonku Mariya, inda maganar ta fi zafi, in faɗi gaskiya. Mahaifinku ya tare ni a bakin zaure.

"Ina za ki?"

"In gaya musu ba kai ba ne."

"Ki bar shi haka. Ni na ce wa mutanen Alhaji ban amince ba."

Na tambaye shi yaushe. Ya ce ranar da na tafi Agie, ɗaya daga cikin mutanen da suka raka Yaya ya biyo ta zaure yana tambaya, shi kuma ya ce masa ya sake tunani, bai yarda ba.

"Alhaji ya faɗa a gaban manya cewa ba ki ƙetare maganarsa. In aka ce miji ne ya hana, ba wanda zai ga laifinsa, kowa ya san ba a ja da miji. In aka ce ƙanwarsa ce ta ƙi shi da bakinta, da wane ido zai sake zama cikinsu? Ni tela ne, in an zage ni gobe a kawo mini ɗinki. Shi kuwa mutuncin nan shi ne jarinsa."

Na ce wannan ƙarya ce. Ya ce ya sani, kuma ya roƙi Allah gafara, amma kar in warware ta muddin yayana yana raye. Na yi masa alkawari.

Abin bai zo da sauƙi ba. An sa wata mata a gurbina, ta ci, ta kuma yi aikinta daidai gwargwado, ba ni da abin faɗa a kanta. Yaya bai samu muƙamin da yake sa rai a jam'iyya ba, kuma na san rashin kawo ni yana cikin dalilan. Ya daina zuwa Cadawa. In na je gaida Inna sai ya bar gidan kafin in iso, ni da ita mu zauna muna maganar ciwon ƙafarta, kowa yana kauce wa abin da ke ransa. Bikin yayarku bai zo ba, ya aiko da buhun shinkafa da ɗan aike. Ta yi kuka ranar, ta ce mi Baba ya yi wa Kawu haka, na ce ta yi shiru. Wannan ya fi komai ci mini rai, kuma har yanzu in na tuna ina jin sa.

A ƙauye kuwa ramukan sun cike, ba duka ba. Akwai makon da wani makiyayi ya kawo garke da wuri aka yi cacar baki, layin ya sake faɗuwa, yaran suka nuna wa Ardo wurin, ya kira mutumin ya yi masa magana. Da wata biyu suka cika Ardo ya ce a ci gaba. Direkta ya fito da takardar daga aljihun tebur ya miƙo mini. Na gama karatun, aka aiko mini da shaida. Sa'a da Hindatu sun ci satifika, Balki ta faɗi ta sake a shekara ta gaba ba ta samu ba, yau tana sayar da abinci a tashar Gazawa, kuma ba ta bari in biya in na ci. Sa'a ungozoma ce a wajen Gangara. Bayan haka isfekta ya riƙa tura ni ina nuna wa malamai wannan hanya, daga Agie har Gidan Sori, yawanci a lakol ɗin da ba ordinata ba wuta, da alli da tabulo kawai. Wannan aiki na yi har na yi ritaya, kuma na ji daɗinsa fiye da yadda zan iya rubuta muku.

Yaya ya shekara biyu bai taka gidanmu ba. Wata Alhamis bayan la'asar ina tankaɗe a tsakar gida na ji tsayuwar babur, na ji sallamarsa a zaure. Na ajiye rariya. Na leƙa na gan shi tsaye da yadi a hammata, ya rame, furfura ta cika masa gemu. Ya ajiye yadin a kan keken ɗinki ya ce riga yake so, telolin Agie duk sun ɓata masa wuya. Mahaifinku ya tashi ya ɗauko tef ya fara auna shi kamar jiya suka rabu. Na fito na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Yana tsaye hannuwansa a buɗe, mahaifinku yana auna ƙirjinsa, sai ya yi magana yana kallon bango.

"Malam Lawali, ka manta ita ta zo rumfata ta gaya mini da bakinta? Tun ran farko na san ba kai ba ne."

Mahaifinku bai ɗago ba, ya ce, "Na san ka sani, Alhaji."

"Na bari ana zaginka shekara biyu don ya fi mini sauƙi. Ban kyauta ba."

"Sauke hannun, na gama nan."

Yaya ya sauke hannu. Ya ce zai je ya faɗa wa mutane gaskiya, mahaifinku ya ce maganar ta riga ta tsufa, a bar ta ta mutu da kanta, tone ta ba zai ƙari kowa da komai ba. Ni ina durƙushe a bakin ƙofa, hawaye yana zuba a kan garin da ke hannuna. Mahaifinku ya rataya tef ɗin a wuya, ya juyo ya gan ni.

"Madam, yayanki ya taho tun daga Agie cikin rana. Ko ruwa ba za a ba shi ba?"

Na tashi na dama masa fura, ya shanye, ya ce a ƙara.